Neman shawara: zan bi maigida Sifen amma kunya ta hana ni buɗe baki da yarensu

Maman Hanifa (Aboabo): Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema kuma kar a yi mini dariya. Maigidana yana Almeriya can ƙasar Sifen, aikin gonar tumatir irin ta cikin rumfunan leda yake yi, yanzu ya fara mana takardun da zan bi shi ni da yara. Ya ce in fara koyon Sifaniyanci tun daga nan Kumasi don kar in je in zama kurma. Na sa Duolingo a waya, bayan isha'i nake yi, kuma in dai dannawa ce ina cinye tambayoyin. Amma a ce in faɗa da baki shi ke nan, gabana ya hau faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, har wanda na sani ya gudu. Ranar nan ya kira bidiyo kawai ya miƙa wa wata tsohuwa maƙwabciyarsa wayar wai mu gaisa, baiwar Allah tana ta murmushi tana zuba magana, ni kuwa ko hola ta ƙi fita, sai katsewa na yi. Dama ni tun ina yarinya ba mai magana cikin mutane ba ce, ko a makaranta in Malam ya ce in biya karatu sai hawaye. Shekarata 36. In shiga aji ne ko in ci gaba ni kaɗai, kuma wai yare yana kamuwa a wannan shekarun?

Hajiya Magajiya: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai ki gaya wa maigidan nan naki ya daina miƙa ki wa mutane ba shiri, ko mai baki ne aka yi wa haka sai ya daburce. Kuma ina da tambaya, Tonancin nan, yaren Asante, da kike ciniki da shi a kasuwar Kejetia wane aji kika shiga kika koya? Kina jin Hausa, kina jin Tonanci, kina taɓa Turanci, ga Larabcin makaranta, sannan ki zo kina tambaya ko kanki zai ɗauki yare.

Zainab Legon: Anti, Sifaniyanci nake karanta a jami'ar Legon, bari in kwantar miki da hankali ta wajen furuci don yawanci tsoron daga nan yake. Wasulansu biyar ne kacal, a e i o u, kuma yadda muke faɗarsu a Hausa haka suke, abin da aka rubuta shi ake karantawa, sai dai h ba a furta ta. Wannan r mai kaɗa harshe da ke ba wa 'yan ajinmu wahala, mu muna da ita a bakinmu tun haihuwa. Har namiji da mace a suna suna da shi, kuma yawancin sunayen mata da a suke ƙarewa kamar a Hausa, duk da dai mu 'yan Zango mun saba da “yarinya ya zo” har 'yan Najeriya suna tsokanarmu. Inda za ki sha aiki shi ne aikatau, don yana canzawa da mai yin aikin da kuma lokaci, to kar ki ce sai kin haddace duka kafin ki yi magana, na yanzu kawai ki riƙe tukuna. Duolingo yana koya wa yatsa ne fiye da baki. Ki nemi darussan Language Transfer a waya, kyauta ne, sauraro ne kawai, malamin zai yi tambaya ki tsayar ki amsa da ƙarfi ke kaɗai a kicin ba mai jinki.

Baba Kubano (Asawase): Ni ban yarda da zaman ita kaɗai ba. Ina cikin yaran da gwamnatin Rawlings ta tura karatu Kuba, tun 1983 aka fara kai mu tsibirin da ake kira Isla de la Juventud, mun sauka ba mu san komai ba. Abin da na gani da idona, waɗanda suka riga kowa iyawa ba su ne masu ƙwaƙwalwa ba, su ne marasa jin kunyar kwaɓa, a layin abinci a gona a filin ƙwallo suna ta ɓaro shirme ana gyara musu. Masu jiran sai sun iya kafin su buɗe baki su aka bari baya. Ki je makarantar koyon harsuna ta Ghana Institute of Languages, wadda yanzu take cikin jami'ar UniMAC, tun 1961 zamanin Nkrumah aka kafa ta, Sifaniyanci yana cikin yarukan da take koyarwa kuma tana da reshe a nan Kumasi, ki tambayi yaushe za su ɗauki sababbi. A aji kowa jahili ne irinki, wa zai yi wa wani dariya.

Hajiya Magajiya: Alhaji ai ku yara ne lokacin, kuma an rufe ku a tsibiri ba yadda za ku yi. Wadda ta ce gabanta yana faɗuwa in ka jefa ta aji ranar farko malami ya nuna ta da yatsa, gobe ba za ta koma ba, kuɗin ma ya tafi.

Sadiya Sawaba: Yaya ni ma irinki ce, Faransanci na koya saboda kayan da nake sarowa Lome. Abin da ya yi mini aiki saƙon murya ne a WhatsApp. Daɗinsa in bai yi ba ki goge ki sake, ba wanda yake kallon fuskarki yana jira. Ki fara tura wa kanki, abin da kike yi ki faɗa, ina dafa shinkafa, yara sun tafi makaranta, an ɗauke wuta. In kin saba da jin muryarki sai ki tura wa maigida, amma ku yi sharaɗi, ba dariya, ba kunna wa abokansa, kuma gyara ɗaya kawai a saƙo ɗaya, don maza in suka samu dama sai su mai da kansu farfesa. Bayan nan ki nemi malama mace a italki ko Preply, shafukan koyon yare ne a intanet, ke da ita kawai, ki ce mata za ki kashe kyamara. Sai a ƙarshe ajin Baba. Ba wai kunyar tana tafiya ba ne fa, har yau ina jin ta, maganar ce dai take fita duk da ita.

Abdul Roquetas: Ni ina kusa da inda mijinki yake. Gaskiya ɗaya da ba a gaya miki ba, mutanen kudancin nan suna cinye s ɗin ƙarshen kalma kuma suna gudu, saboda haka rashin fahimtar tsohuwar nan ba gazawarki ba ce, wanda ya yi karatu a Madrid ma yana shan wuya da su. Ki haddace más despacio por favor, wato a hankali don Allah, da no entiendo, ban gane ba, waɗannan biyun in sun zauna a baki tsoro ya ragu rabi don kina da abin faɗa ko kin rikice. Sannan ki bar kalmomin dabbobi da launuka, ki koyi abin da zai same ki a watan farko: rajistar adireshi a ofishin gari da suke ce wa padrón, asibitin unguwa, malamar yara, kasuwa, lambobi da ranaku. In kin iso akwai ajujuwa kyauta na baƙi, Cruz Roja, wato Red Cross ɗinsu, suna yi, kuma mata sun fi yawa a na safe. Matsalar da nake gani, mata suna zuwa su zauna cikin 'yan Gana kawai, shekaru su wuce mace ɗanta ne yake yi mata tafinta gaban likita har a ciwon mata. Kuma in an kai ga neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 10 sai an ci jarrabawar yaren da ake ce wa DELE matakin A2, da ta sanin dokoki da al'adun ƙasar da ake ce wa CCSE mai tambaya 25.

Razak Alabar: Salisu ɗan Kumasi ne ya je Valladolid yana yaro ya taka leda, ke ce za ki kasa Anti? Ki dinga kallon La Liga da sharhin Sifaniyanci, ko gooool kin koya 😂

Maman Hanifa (Aboabo): Allah ya saka da alheri, Razak kai dai Allah ya shirye ka. Zan fara da saƙon muryar daren nan, ajin kuma sai bayan sallah in Allah ya yarda. Sadiya malamar nawa take karɓa, kuma ana biya da momo, wato kuɗin waya?

Sadiya Sawaba: Kowace malama da farashinta, na Latin Amurka sun fi sauƙi, amma tunda Almeriya za ki, ki haɗa da 'yar Sifen ko sau ɗaya a wata don kunnenki ya saba. Da kati ake biya, ki yi mini magana ta gefe in nuna miki yadda nake yi.