Neman shawara: me zan kira matan da ke bin 'yan ƙwallo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina fassara labaran wasanni zuwa Hausa, kalmomi biyu na ba ni wahala: WAGs da groupie. Wani ya ce in rubuta "matan ƙwallo" kawai in huta. Ya kuka gani?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka soma, mata iri uku za ka zuba a kwando ɗaya. WAGs taƙaitawa ce, tana nufin matan auren 'yan wasa da 'yan matansu. Jaridun Ingila suka yayata ta a Kofin Duniya na 2006 a Jamus, lokacin da su Victoria Beckham, matar ɗan wasan Ingila David Beckham, suka sauka a garin Baden-Baden, masu kyamara na bin su har cikin kantuna. In an ɗaura aure ka ce "matar wane", in ba a ɗaura ba "budurwarsa". Ka kula da "iyali", a kunnen Bahaushe aure take nufi, in ka laƙaba wa budurwa ka ɗaura auren da babu shi.

Amsa ta 2: Ita groupie daga fagen waƙa ta fito, shekarun 1960, 'yan matan da ke bin mawaƙa gari-gari. A fagen ƙwallo kuwa, ɗan wasan take so, wasan bai dame ta ba. Ƙasashe da dama suna da tasu: a Burazil maria-chuteira, a Ajantina botinera, duka daga sunan takalmin ƙwallo aka ciro su. A Kanada akwai puck bunny a wasan hoki na ƙanƙara. Duk habaici ne, babu wadda ake faɗa don yabo. Mafi kusa a Hausa "'yar a-bi-yarima-a-sha-kiɗa", ko ka ce "masu bibiyar 'yan wasa".

Amsa ta 3: Yallaɓai, ina roƙon arziki, ka ware ta ukun. Wadda ta sayi riga, ta san wa ke tsaron baya, ta ƙi cin abinci ranar da aka ci su, mai goyon baya ce. In ta yi nisa, 'yar gani-kashe-ni. Yadda kake cewa ɗan Arsenal haka za ka ce 'yar Arsenal, 'yar Pillars.

Amsa ta 4: Ƙari kaɗan. Kar ka taɓa fassara groupie da "karuwa" ko "'yar iska", musamman in akwai suna ko hoto a labarin, ƙazafi ne kai tsaye. In jaridar da kake fassarawa ce ta yi amfani da kalmar, ka jingina mata: "wadda jaridar ta kira kaza", sannan ka yi bayani a jimla ɗaya.