Wayata ta cika, imel ya daina shigowa: in riƙa biyan kuɗin ajiya ko in sayi memori?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. A Gusau nake, ina sayar da atamfa da leshi daga gida ta WhatsApp. Wayata Tecno ce mai 64GB, ta cika maƙil, kuma yanzu Gmail ya ce 15GB ɗin da ake bayarwa kyauta ta ƙare, saƙo ya daina shigowa. A ciki akwai hotunan kaya, rasit na kwastomomi, bidiyon bikin ƙanwata, sai muryoyin mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya riƙa turo min kafin rasuwarsa. Muryoyin nan su ne babbar damuwata. Ba ni da kwamfuta, kuma abin da zan iya fitarwa yanzu bai wuce naira 15,000 ba. In riƙa biyan Google duk wata ne, ko in sayi memori in kwashe komai a ciki? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka min.

Sadiq Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Baba. Ki sayi had-disk na waje mai 1TB, ki zuba komai ta kwamfuta, kin huta.

Ummi K:
Ni iCloud nake biya, 50GB, kuma ban taɓa samun matsala ba. Na canza waya komai ya dawo har lambobi.

Maman Iman:
Amin, na gode. Amma na ce ba ni da kwamfuta, kuma wayar ba iPhone ba ce.

Injiniya Auwal:
Hajiya kafin ki kashe ko kwabo, ki fara gano abin da ya cinye wurin. 15GB ɗin nan ta haɗa Gmail da Drive da Google Photos ne gaba ɗaya. Tun 1 ga Yunin 2021 duk hoton da ya hau Photos ana lissafa shi a ciki, sannan daga 2024 bakof na WhatsApp (wato kwafin hirarraki da yake ajiyewa a Drive) a wayoyin Android shi ma ya shiga lissafi. Ke da kike kasuwanci ta WhatsApp, kusan na tabbata bakof ɗin ne. Shiga saitin WhatsApp, wajen bakof, ki kashe inda ake haɗawa da bidiyo. Muryoyin Baba kuwa ba su da nauyi, murya ba ta cin wuri kamar bidiyo. Ki tura su Drive su kaɗai a fayil guda. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: in kin goge hoto daga cikin manhajar Photos, yana gogewa ne a waya da intanet duka. Akwai wurin da aka tanada na rage wa waya nauyi, shi ne yake cire na wayar ya bar na intanet.

Ɗan Kurna:
Hajiya fara da goge hotunan Juma'at Mubarak na guruf ɗin dangi. Wallahi za ki samu filin da zai ɗauki gida da garejin mota.

Baban Khalifa:
'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau. Ni na ajiye komai a intanet kamar yadda ake ta ba ki shawara, kuma yau ba ni da ko hoto ɗaya. Lokacin da na sayi babbar waya ta farko, yaron shagon ne ya buɗe min imel, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, ya ɗaura shi a kan layin da nake riƙe da shi a lokacin. Bai rubuta min komai ba, ya ce ai waya za ta riƙe. Shekaru ina canza waya, mai gyara yana kwashe min daga wannan zuwa waccan, komai lafiya. Hotunan mahaifiyata na aikin Hajji, hotunan sunan 'ya'yana, takardun filina da na ɗauka, karatun malaminmu da nake naɗa, duk suna can.

Ranar da aka zare min waya a adaidaita sahu, ban ma damu sosai ba, na ce ai kayana suna intanet. Na sayi wata, aka ce in sa kalmar sirri. Ban san ta ba. Aka ce za a turo lamba ta layi, sai na ga ƙarshen lambar na tsohon layin nan ne da na daɗe da ajiyewa. Na je ofishin kamfanin layin, suka ce an daɗe da sayar wa wani, kuma an haɗa shi da NIN ɗinsa. Na kira mutumin, na yi masa sallama, na roƙe shi in lamba ta shigo ya karanta min. Ya zage ni tas, ya ce ɗan damfara ne ni, ya kashe. Na sake kira ya toshe ni. Yaron shagon kuwa ya bar garin. Mahaifiyata ta rasu bayan nan. Autata ba ta san fuskar kakarta ba, sai ɗan hoton fasfo da na samu wurin yayata. Kayan suna nan a wani wuri, an ce min ba su ɓace ba, amma ba ni da ƙofar shiga. Don haka ni abin da ba na iya riƙewa a hannuna ba ajiya ba ce.

Ummi K:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.

Malama Binta:
Amin. Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni ma mai shago ne ya buɗe min nawa. Yanzu yaya zan san layin da ke kai?

Injiniya Auwal:
Allah ya jiƙanta Baban Khalifa. Amma gaskiya mutumin da ya ƙi ba ka lambar ya yi daidai, abin da kullum muke gaya wa mutane ke nan. Kuma matsalar ba ta ajiyar intanet ba ce, mukulli ne ya ɓata. Malama Binta, shiga saitin akawun ɗinki, ɓangaren tsaro, za ki ga lambar waya da imel na dawo da akawun. Canza su yau. Wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu kuma yana iya fitar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, ya rubuta a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardun gida. Sannan a sani, tun Disambar 2023 Google ya ce yana iya goge akawun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Baban Khalifa, in naka bai kai haka ba ka ci gaba da gwada shafin dawo da akawun, musamman daga wurin da ka saba shiga.

Baban Khalifa:
Ƙanena, ba abin da ban gwada ba. Kai kana da ilimin abin, ni da mutanen unguwarmu ba mu da shi. Tsarin da sai injiniya ne zai tsira a ciki, ta yaya za ka ce wa mai sayar da atamfa ta dogara da shi?

Habu Mai Gyara:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni a teburin gyara nake wuni, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Mafi yawan masu kawo waya in ka tambaye su imel sai su ce wanne. Hajiya ki sayi memori 128GB, 7,000 zuwa 8,000 za ki samu, ragowar kuɗinki ki sa data.

Sadiq Zariya:
128GB a 7,000? Habu ka ji tsoron Allah. Ni na sayi mai kyau 16,000, kuma ba jiya ba.

Malama Binta:
A Katsina an ce min 11,000 har da garanti.

Issoufou na Maraɗi:
Mu nan jikka shidda zuwa bakwai na sefa. Amma na arha an hi samun na banza cikinsu, ku yi hattara.

Injiniya Auwal:
Abin da nake tsoro ke nan. Memorin jabu yana nuna 128GB a waya, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Za ka yi ta zubawa yana karɓa, sabo yana hawa kan tsoho. Sai ranar da ka buɗe bidiyon biki ka ga ya ƙi tashi. A kwamfuta ana gwada shi da manhajar H2testw, tana cika katin ta sake karantawa. Ko na gasken ma yana mutuwa ba sallama, kuma in an sace waya da shi ake tafiya, tunda yana cikinta.

Habu Mai Gyara:
Injiniya karatu daban, kasuwa daban. Kai kana zaune a ofis mai Wi-Fi kana cewa a ɗora. Ita da datarta za ta ɗora 40GB? Ka lissafa mata kuɗin. Kuma ni ban taɓa sayar wa kowa jabu ba.

Injiniya Auwal:
Ban ce kai ba Habu. Kuma ban ce ta ɗora 40GB ba, na ce ta ɗora abin da in ya ɓata ba ya dawowa. Hoton atamfar da aka sayar bara me za a yi da shi?

Ɗan Kurna:
Sadiq, 16,000 aka sayar maka saboda an ji Hausarka. Bazazzagi in ya shigo Kano ko ruwan leda sai an ninka masa.

Sadiq Zariya:
Kai dai Bakano, da za a sayar da memori a kwano da ka ce a yi maka gyara.

Hauwa'u Sakkwato:
Ni fa Telegram nake zuba kayana, a wajen saƙon da kake tura wa kanka. Kyauta ne, kuma fayil ɗaya yana iya kai 2GB. Sai dai ki tura hoto a matsayin fayil, in ba haka ba yana rage masa kyau. Ki kuma duba saitin da ke goge akawun in an daɗe ba a shiga ba, ki ƙara tsawon lokacin.

Abba Jos:
Manhajar ajiya ta TeraBox 1TB ce kyauta, 1024GB. Talla ce kawai ta yi yawa.

Malama Binta:
Kyauta har 1TB? Su kuma me suke samu? Ni abin da ke hana ni sakin jiki ke nan. A wayar mace akwai hotunan gida, na biki, na ƙunshi, ba lulluɓi. Ka ɗauka ka kai inda ba ka san waye ke gani ba. Mijina ma cewa ya yi in kashe ɗorawar gaba ɗaya.

Hauwa'u Sakkwato:
Yaya Binta, hotunan mata da muka ji sun fita, yawanci ta hannun wanda aka sani ne, ko wayar da aka kai gyara aka ba da fin (lambar buɗe ta).

Habu Mai Gyara:
To ga shi an dawo kanmu. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba Hajiya. Ni ko an ba ni fin a gaban mai waya nake gwadawa.

Injiniya Auwal:
Malama Binta, bakof na WhatsApp ana iya kulle shi da kalmar sirri ta yadda kamfanin ma ba ya iya karantawa. Amma in kin manta kalmar, ba mai buɗe miki, kin koma labarin Baban Khalifa.

Maman Iman:
Na gode ƙwarai. To shi na Google ɗin nawa ne a wata? Har yanzu ba wanda ya faɗa min.

Ummi K:
100GB a Amurka dala 1.99 ne a wata. Na naira ki duba cikin manhajar Google One.

Abba Jos:
Lokacin da na fara bai kai 500 ba, yanzu ya haura dubu da nisa. Kuma ana iya rabawa da mutum biyar, mu da 'yan gidanmu karo-karo muke yi.

Sadiq Zariya:
Wane karo-karo? Ni katina ma ƙin biya ya yi lokacin da bankuna suka rufe sayayyar waje da katin naira. Sai da na nemi katin dala na intanet, kuɗin ya fi wanda kuke faɗa. An ce wasu bankunan sun buɗe a 2025, amma ni na riga na haƙura.

Baban Khalifa:
Kun gani? Haya ce. Watan da ba ka biya ba fa?

Injiniya Auwal:
Ba a goge kayan nan take Baba, sai dai ba za ka ƙara ɗora komai ba, imel ma ya tsaya. In aka yi shekara biyu a haka ne suke cewa suna iya gogewa.

Nura Tsafe:
Maman Iman, ke da kike Gusau kin fi kowa sanin abin da zan faɗa. A Satumbar 2021 da aka datse sabis a Zamfara gaba ɗaya, wa ya ga kayansa na intanet? Mutane har Funtuwa suke zuwa su yi kira. Wanda takardunsa ke Drive kaɗai, zaune ya yi. Ni tun lokacin duk abu mai muhimmanci sai ya kasance a waya da filash. Akwai filash mai bakin da ke shiga waya kai tsaye, ba sai da kwamfuta ba.

Maman Iman:
Wallahi na tuna, kasuwata tsayawa ta yi cak. Filash ɗin nan nawa ne, kuma zai shiga Tecno?

Hauwa'u Sakkwato:
Ni damuwata ma datar ce. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, abin da nake saya na wata ba ya kai ni tsakiyar wata. Kuma ba kuɗin kaɗai ba, saurin ƙarewar. In kwanta da data in tashi babu.

Injiniya Auwal:
Ki duba ko ɗora hotuna da sabunta manhajoji suna aiki a kan data. Su ne ke sha da dare.

Hauwa'u Sakkwato:
Duk na kashe su Injiniya. Na kira kamfanin layin, suka ce in daina kallon bidiyo. Da kuɗina!

Abba Jos:
Ni datar dare nake saya in zan ɗora abu mai nauyi. Sai dai ka hana idonka barci, abin ya kai kashi 90, sabis ya ɗauke, ya koma farko.

Malama Binta:
Mu a unguwarmu in an ɗauke wuta sabis ma raguwa yake yi. Kuma datar da ba ka ƙarar ba, ranar da wa'adi ya cika sai ta tafi. Wannan wane irin ciniki ne?

Habu Mai Gyara:
Injiniya sai ka zo ka yi mana bayanin wannan kuma.

Nura Tsafe:
Wai a cikinku akwai wanda ya taɓa kai ƙarar zuƙe data aka mayar masa? Ina tambaya ne da gaske, don nawa ma jiya aka kwashe.