Tsakanin Singafo da New York: me ya sa lissafin awoyin tafiyar ba ya fitowa daidai?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya daga filin jirgin sama na Changi da ke Singafo zuwa na JFK da ke New York, kuma na ga an ce nisan da ke tsakaninsu kilomita 15,349 ne. Tun da jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 900 a awa, da na raba sai na samu awa 17, amma tikitin da ke hannuna ya nuna fiye da awa 18. Ina sauran lokacin yake shiga?

Tsohon_Matafiyi:
Wa alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, sai dai adadin da ka yi aiki da shi na hanya mafi gajarta ne a doron duniya, wadda za ka gani idan ka miƙe zare tsakanin biranen biyu a kan taswira mai siffar ƙwallo, inda zaren zai ratsa ta can ƙurewar arewa. Matuƙa ba safai suke bin ta ba. A sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda a lokacin sanyi takan wuce kilomita 200 a awa, don haka jirgin da ya tashi daga Singafo yakan bi ta Tekun Pasifik domin ta riƙa tura shi daga baya, a dawowa kuma sau da yawa yakan ratsa Tekun Atilantika da Turai. Hanyar ta ƙara tsawo, amma a ganina dabara ce mai kyau, domin fafatawa da wannan iska gaba da gaba ya fi cin mai.

Hajiya_Mai_Lura:
Ƙari a kan bayanin Malam, lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya bar ƙofar da fasinjoji suka shiga, har zuwa tsayawarsa a ɗaya ɓangaren, saboda haka ya haɗa da jiran layin tashi da tafiyar hawainiya a ƙasa, ga shi kuma jirgi ba ya kai cikakken gudunsa wajen hawa da sauka.

Tsohon_Matafiyi:
Gaskiya ne, Hajiya. Kamfanin Singapore Airlines ya buɗe wannan hanya a watan Nuwamba na 2020 da jirgin Airbus A350. Ka kuma lura da agogo, Malam, domin Singafo tana gaban New York da awa 12 a lokacin zafi, 13 a lokacin sanyi. Idan ka tashi da tsakar rana, da yammacin ranar za ka sauka, alhali a jikinka gari ya riga ya waye.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sanar da mai tarbata cewa da agogon New York aka rubuta lokacin saukar.