Neman kalma: tsuntsuwar da ke saka ƙwai a sheƙar wata

Malamin Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina da darasi ranar Asabar da yaran makarantarmu ta dare, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Littafin na Turanci ne, ni kuma nakan juya musu shi da Hausa don ya zauna. Kalmar ita ce "brood parasite". Tsuntsuwa ce da ba ta gina sheƙa, ba ta kwanci, ba ta ciyar da ɗa. Sai ta faki idon wata ta saka mata ƙwai a sheƙa, ta kama gabanta. Mai sheƙa ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta ɗawainiya. Tsuntsaye wajen iri 100 ne ke rayuwa a haka, kuma wadda ta fi suna ita ce Turawa ke kira kuku, ba dai na kicin ba. Na gwada "kaskar sheƙa", maiɗakina ta ce kaska jini take sha, wannan kuwa me ta sha? Ku taimaka.

Hajiya ta Asawase:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan ai agola ne, ko kuwa ɗan riƙo. Me za a wahala?

Malamin Aboabo:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na duba su duka biyun. Agola da uwarsa yake shigowa, maigida kuma ya san da shi tun ranar ɗaurin aure. Riƙo amana ce, hannu da hannu ake bayarwa. Nan kuwa ba sallama, ba godiya. Kuku ta ƙasar Turai da la'asar take zuwa, ta ɗauke ƙwai ɗaya na mai gida, ta saka nata a gurbinsa, duka cikin daƙiƙa kamar 10. Ga ta da zane-zane a ƙirji irin na shaho, ƙananan tsuntsaye na ganinta sai su watse. Ban so in ɓata sunan riƙo da irin wannan.

Ɗan Sawaba:
Ni fa Malam ban ga abin ja ba. Mu ce "farasait" a wuce wurin. Nan Kumasi rabin maganarmu aro ne, daga Turanci ko daga Tuwi, kuma ba wanda ya mutu.

Baban Yalwa:
Kai yaro, aro sai in babu a gida. Tun muna ƙanana muke jin kirarin: hankaka mai da ɗan wani naka. Kakanninmu da suka zo fataucin goro sun ce hankaka ba ya ƙwai, na wasu yake kwashewa ya mai da su nasa. To ga kalma nan a ajiye. Ku ce "halin hankaka", kowane Bahaushe zai gane, daga nan har Katsina.

Ɗalibar Tek:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan sa baki, don wannan fannin nake karantawa. Hankaka na yin ƙwai. Yana gina sheƙa ta tsinke a kan dogon itace ko turken waya, macen ta kwanta a kan nata kamar kowa. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, hankaka ma yana cikin waɗanda ake yi wa wannan aika-aika. Akwai wata babbar kuku mai tukku da ɗige-ɗigen fari a fuka-fukai, ana samunta nan Afirka ta Yamma, kuma sheƙar hankaka na cikin wuraren da ta fi so ta saka ƙwai. Hankaka ya ƙyanƙyashe, ya ciyar, ɗan ya girma ba ya kama da shi ko kaɗan.

Ni a zatona daga nan kirarin ya samo asali. Mutanen da sun ga hankaka na ɗura wa ɗan da ba irinsa ba abinci, suka ce sato shi ya yi. Idonsu ya gani daidai, hukuncin ne ya faɗa kan wanda aka cuta. In muka ce "halin hankaka" mun kama mai gida mun saki ɓarawo.

Baban Yalwa:
Ikon Allah! Shekara saba'in ina zagin hankaka ashe shi aka zalunta. To 'yata, na janye. Amma kirarin kada ku yar, Malam ka faɗa wa yara shi.

Mai goro na Kejetiya:
Ni kauci ya faɗo mini. Duk wanda ya shiga gonar koko a ƙasar Asante ya san shi, yana manne a reshe yana shan ruwan itacen, manoma na hawa suna sare shi. Tsuntsaye ne ma ke kai irinsa, su goge baki a reshe ya tsiro. "Kaucin sheƙa" fa?

Malamin Aboabo:
Alhaji, wannan ta fi kaskata daɗi a baki. Damuwata ɗaya ce: kauci yana nan manne har itacen ya bushe, ita kuwa uwar nan ko waiwaye ba ta yi. Kauci zai dace da ɗan, bai kama uwar ba. Kuma yaran Aboabo nawa ne suka taɓa ganin kauci?

Hajiya ta Asawase:
To ku tsaya, na tuna. Lokacin da nake gidan kakata a arewa, in aka samo ƙwan zabo ba a bar wa zabuwa, don ba ta iya reno ba. Sai a jira kaza ta fara kwanci, da dare a cusa mata su a ƙarƙashi. Kakata takan ce, a je a yi wa kazar nan cushe. Kazar ta yi ta yawo da 'yan zabi tana ƙoƙ-ƙoƙ, har ranar da za su tashi sama su bar ta a ƙasa tana kallo. Ai cushe ke nan: abin da ba ka nema ba, aka tura maka, ka rasa yadda za ka yi. Mu mata mun san kalmar nan sarai, ba sai an yi mana fassara ba.

Ɗan Sawaba:
Hajiya ta kawo ta. Amma ni ina ganin cushe ta yi laushi. Na ga bidiyon ɗan kuku, tsirara, idonsa ma bai buɗe ba, yana goya ƙwan mai gida a bayansa yana turawa har ya faɗo ƙasa. Wannan ai kisan kai ne.

Ɗalibar Tek:
Haka ne yayana, har wani ɗan lotsi ne da shi a baya da ƙwan ke zama a ciki. Wanda ya bayyana wannan a rubuce a 1788 shi ne Edward Jenner, likitan nan na Ingila da ya fito da rigakafin agana a 1796. Akwai ma wanda ya fi. Tsuntsun nan mai jagorar mafarauta zuwa ga zuma, wanda mutanen Yawo na Mozambik da Hadza na Tanzaniya ke kira ya amsa, su sha zuma, mutanen Yawo kuma su bar masa kaki, shi ma haka uwarsa ke yi. Ɗansa da ƙugiya mai kaifi a bakinsa yake fitowa daga ƙwai, ya yi ta cizon 'ya'yan mai gida cikin duhun rami har su mutu, daga baya ƙugiyar ta faɗi.

Sai dai ba duka ke kisa ba. Zalaidu, mai dogon wutsiyar nan da ke rawa a sama lokacin damina, matarsa a sheƙar ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba take sakawa, kuma ɗanta tare yake tashi da 'yan gida lafiya lau. Dabararsa a cikin baki take: ɗige-ɗigen da ke bakinsa sun yi kama da na 'ya'yan gidan, in ya hangame uwa ba ta bambancewa. Saboda haka kalmar da za mu zaɓa ta kama abin da ya haɗa su duka, ba mugun cikinsu kaɗai ba. Abin da ya haɗa su kuwa cusawar ce.

Mai goro na Kejetiya:
Tsuntsun nan ragon maza fa? Sunan kamar don su aka raɗa.

Ɗalibar Tek:
Alhaji, danginsu ne kam, amma shi yana gina sheƙarsa, kuma namijin na kwanci yana ciyarwa. Sunan nan ma zalunci ne, kamar na hankaka.

Baban Yalwa:
Yau dai ranar wanke tsuntsaye ce.

Malamin Aboabo:
To ga inda na tsaya, mai gyara ya gyara. Ɗabi'ar kanta: cushen ƙwai. Na so "renon dole", don ta yi kama da auren dole, amma dole da saninka ake yi maka, mai sheƙa kuwa sau da yawa ba ta ma san an yi ba. Tsuntsuwar: mai cushen ƙwai, jam'i masu cushen ƙwai. Abin da aka ƙyanƙyashe: ɗan cushe. Wadda aka bar wa wahala: mariƙiya. Jimlar da zan rubuta a allo: "Zalaidu mai cushen ƙwai ne, hankaka kuwa mariƙi ne."

Hajiya ta Asawase:
Malam, ɗazu ka ce kada a ɓata sunan riƙo, yanzu ka dawo da mariƙiya?

Malamin Aboabo:
Kin kama ni Hajiya. Amma ita mariƙiyar ai ba ta ci amanar kowa ba, ta riƙe da gaskiya. Ita na bar wa sunan, uwar ce na hana.

Ɗan Sawaba:
Na yarda da cushen ƙwai. Ni dai a trotro, motar hayarmu, farasait zan ci gaba da ce wa ƙanena.