Ƙamshin basmati: daga iri yake ko turare ake fesa mata?

Maman Walida, Gombe:
Assalamu alaikum. Ana ta faɗa a kasuwa cewa basmati da shinkafar Tailan mai ƙamshi turare ake fesa musu kafin a ɗura a buhu. Gaskiya ne? In kuwa daga iri ne, ina asalinta, kuma me ya hana manomanmu na Dadin Kowa shuka ta?

Malamin Gona, Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙamshin na iri ne. Tsiron da kansa yake haɗa wani sinadari da ake kira 2-AP, wanda masana a Amurka suka gano a 1982, kuma ko ganyen aka murtsuke ana jin sa.

Gidan basmati shi ne yankin Punjab da gindin tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Pakistan, sunan ma "mai ƙamshi" yake nufi. Mawaƙin Punjab, Waris Shah, ya ambace ta tun 1766. A 1933 aka tace irin Basmati 370 a Kala Shah Kaku da ke Pakistan ta yau, mai dogon tsa ɗin nan kuma, Pusa 1121, a 2003 ya fito. Ta Tailan, Khao Dawk Mali 105, an raba wa manoma a 1959. Don farinta aka sa mata sunan furen yasmin, ba don ƙamshin ba.

Matsalarmu a nan zafi ne. Sinadarin yana son sanyin dare lokacin da zangarniya ke cika ido. Wanda ya dasa ta rani har cikar ido ta faɗa Maris ko Afrilu, zai girbe shinkafa marar ƙamshi ko da irin na gaske ne. Tsohuwar basmati kuma doguwa ce, in aka cika mata yuriya sai ta kwanta, amfaninta bai kai na irin shinkafar Faro 44 ba. Sannan halin ƙamshin mai ɓuya ne: in ta haɗu da marar ƙamshi, 'ya'yan farko ba sa ɗauko shi. Shi ya sa ware iri ya zama dole, tun daga masussuka.

Ɗan Azare:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara ɓangaren almara. A arewacin Indiya akwai Kalanamak, mai baƙin ƙaiƙayi. Mutanen yankin suna cewa Buda, wanda ya kafa addinin Buda, ne ya ba kakanninsu ita a tsohon garin Kapilabastu, don ƙamshinta ya riƙa tuna musu da shi. A yankin Bengal na Indiya, Gobindobhog ta samo suna daga abin bautar da ake kai wa ita. A jihar Maharashtra ta Indiya kuma suna da Ambemohar, wato furen mangwaro. Duk waɗannan gajeru ne, don haka kuskure ne a ɗauka sai doguwa ke ƙamshi.

Hajiya Mai Masa, Bauchi:
'Yar uwa, yawanci a tukunya ake kashe ƙamshin. Basmati: a wanke a hankali sau uku, kada a cuɗa ta karye, a jiƙa minti 20 zuwa 30, a tsane. Kofi ɗaya na shinkafa, ɗaya da rabi na ruwa. In ta tafasa a rage wuta sosai, a rufe minti 12, a sauke a bar ta minti 10 ba a buɗe ba. Ta Tailan ba ta son jiƙo, ruwa kofi ɗaya da kwata ya ishe ta, in ya wuce ta caɓe. Masu yi mata tafasar farko su zubar da ruwan kamar 'yar gwamnati, ƙamshin suke zubarwa.

Wajen saye kuma: basmati tsohuwa ake so, wadda ta shekara ɗaya ko biyu, ita ke miƙewa warwar. Ta Tailan sabuwa.

Malamin Gona, Dadin Kowa:
Haka ne Hajiya. A kuma bambance wannan da warin shinkafar gida. Shi daga gumi yake zuwa, in shanshera ta daɗe a jiƙe ruwan ya yi tsami, ko ba ta bushe da kyau ba. Gwaji mai sauƙi a kasuwa: a tauna ɗanyen tsa biyar. Ƙamshin iri a cikin ƙwayar yake, ana jin sa a baki; wanda aka shafa a jikin ƙwayar kuwa wanki biyu ke tafiya da shi.