Daga Yola zuwa Sukur a dawo rana ɗaya, da tsoho mai ciwon gwiwa: zai yiwu kuwa?

Baƙon Jimeta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san arewacin Adamawa. Ni mutumin Katsina ne, aiki ya kawo ni Yola. Kawuna ya kawo mini ziyara, zai yi sati biyu. Tsohon malamin tarihi ne, shekararsa 67. Tun da ya sauka bakinsa bai huta da zancen Sukur ba. Wai ya yi shekara da shekaru yana gaya wa ɗalibai cewa nan ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999, amma bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Ni kuwa Asabar kaɗai gare ni. Tunanina mu bar Jimeta bayan sallar asuba, mu hau dutsen, mu dawo mu kwana gida. Ƙaramar mota gare ni. Sannan kawu na fama da gwiwa, ko matakalar bene sai ya tsaya ya huta. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Direban Mubi:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan lissafin naka a takarda kawai zai yi. Daga Yola za ka bi Song, Gombi, Hong, Mararrabar Mubi, Uba, Michika, sannan Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali. Sai ka saki titi ka shiga hanyar ƙauye zuwa gindin dutsen. Tafiyar ta kusa kilomita 290, ga ramuka, ga shingen jami'an tsaro da ke ƙara yawa kana wuce Michika. Ni da hanyar nan ta zama gonata ba na yi wa fasinja alkawarin ƙasa da awa biyar. Ka ga kun isa rana ta take, ku hau cikin zafi, ku sauko la'asar sakaliya, dare ya riske ku a inda ba a son dare ya riski mutum. Ku kwana Mubi ranar Juma'a, shi ne magana.

Ɗan Michika:
Kafin a yi zancen mota a yi zancen rai. A 2014 Boko Haram ta kama Gulak da Michika da Mubi, ta kuma hau har Sukur ta ƙona gidaje. Sojoji sun ƙwato Mubi a ƙarshen 2014, Michika da Gulak kuma a 2015, jama'a sun koma, kasuwa na ci, noma na tafiya. Sai dai Madagali na maƙwabtaka da Gwoza, kuma an sha kai hari ƙauyukan yankin bayan nan. Saboda haka abin da wani ya gani bara ba zai yi maka amfani ba. Ka samu ɗan Gulak ka kira shi ana jibi tafiya, ka sake kiransa da safen ranar. In ya ce a dakata, a dakata, ko da an riga an sha mai. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, kuma kada ku ɗaga waya kuna hoto kusa da shinge.

Maman Husna:
Na taɓa hawa da 'yan ajinmu lokacin ina makaranta a Mubi, to bari in yi maganar dutsen kansa. Akwai Sukur Ƙasa, akwai Sukur Sama, kuma abin da kawunka yake son gani yana sama. Mota ba ta zuwa. Hanya ce da magabata suka shimfiɗa da faffaɗan duwatsu, tana nannaɗe tsaunin kamar rawani. Kallon ta daɗi, hawan ta kuwa sai wanda ya gwada. Mu da muke 'yan mata a lokacin mun yi kusan awa biyu, muna tafe muna zama. Abin kunyar shi ne wata tsohuwa da ta wuce mu da ƙullin kaya a ka, har tana yi mana sannu. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, don har da na alwala za ka buƙata. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas. Abinci ma ku tafi da naku, kada ku sa rai da mai shayi a can sama.

Ɗalibin Tarihi:
Ni dai ina bayan kawu, wurin ya cancanci wahalar. Kana hawa za ka ga an yanka gefen tsaunin hawa-hawa, an tokare kowane da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya wanke ƙasar noma. A haka suke shuka dawa da gero a inda kai za ka rantse akuya ce kaɗai za ta iya tsayawa. A sama akwai fadar Hidi, wato sarkinsu, katangunta duk dutse kan dutse, babu siminti. Ku ce a nuna muku ramukan da ake ginawa da dutse ana kiwata bijimi a ciki, da rumbuna, da kufan wuraren narka tama. Ƙarfen nan shi ne arzikin Sukur a da, daga nan ake kai shi ƙasashen da ke kewaye. Tunda kawu malami ne, ya san labarin Hamman Yaji na Madagali, wanda ya addabi mutanen duwatsun nan da farautar bayi har Turawa suka tuɓe shi a 1927. A bi wannan zancen a hankali, don a can ciwo ne na kakanni.

Ɗan Michika:
Ƙari a kan haka, gari ne na mutane, ba gidan kallo ba. Ku nemi ɗan jagora daga ƙasa, ku fara kai gaisuwa fada, ku riƙe ɗan abin gaisuwa. Harshensu Sakun, amma za ku samu masu jin Hausa. Akwai wuraren tsafi da baƙo ba ya taɓawa. In aka ce nan ba a shiga, kada a tsaya musu, kada kuma a ɓige da wa'azi.

Anti Nas:
Kowa na ta zancen hawa. A wurin mai ciwon gwiwa saukowa ta fi hawa azaba, don nauyin jiki duk a kan gwiwar yake sauka, taki bayan taki. Na ga dattijai da yawa da zuciya ta kai su inda ƙafa ta kasa dawo da su. Ɗana, ka gwada shi tukuna. Cikin satin nan ku yi tafiyar awa guda a ƙafa, inda akwai ɗan tudu, ka duba gwiwar washegari. In ta kumbura, magana ta ƙare. In yana da hawan jini ko ciwon suga, likitansa ya sani kafin ku tashi. A samo masa sanda mai ƙwari, maganinsa kuma ya kasance a aljihunsa, kada a bar shi a mota.

Mai Faɗin Gaskiya:
Ku daina zagaye-zagaye. A bar tsoho a gindin dutse ƙarƙashin inuwa, yaro ya hau ya ɗauko masa hoto. Shi ke nan.

Maman Husna:
Haba malam! Mutum ya taso tun daga Katsina, a zaunar da shi yana hangen dutse? Hoton ai ya gani tun a littafi. Ko rabin hanya ya kai, ya taka shimfiɗar nan da ƙafarsa, ya ga gonakin a ƙarƙashinsa, ya samu abin ba jikoki labari. Sharaɗi ɗaya ne, a yanke lokacin juyowa tun a ƙasa. Sha biyu ta yi, duk inda aka kai a juya.

Baƙon Jimeta:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa kawu duka. Da na zo kan maganar a bar shi a gindin dutse sai ya cire tabarau ya ce in ba shi lambar mai maganar. Mun dai daidaita: zan nemi izinin tashi da wuri ranar Juma'a, mu kwana Mubi, mu kama hanya da sassafe, mu sake kwana Mubi a dawowa. Wani abokin aikina ɗan Gulak ne ashe, ya ce zai haɗa ni da yayansa. Gwajin Anti Nas kuma gobe da yamma za mu fara, kawu har ya aiki yaro kasuwa neman sanda.

Direban Mubi:
Madalla. Ka cika tanki tun a Mubi, ka duba safayar taya, kuma ka riƙe tsabar kuɗi a hannu. Bayan Michika kada ka dogara da tiransifa, sabis na iya ɗaukewa.