Maɓalli ɗaya, oda uku: yaya kuke tsara yanayin maɓalli a Figma?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina amfani da Figma, manhajar zana allunan waya da kwamfuta, wajen zana wata ƙaramar manhaja da masu kayan miya za su riƙa yin odar tumatir da tattasai daga dillalan kasuwar Mile 12 da ke Legas. Makon jiya muka ba mutum kaɗan su gwada, har da kawuna mai tebur a Agege. Ya danna "Tura oda", sabis ya ɗauke, allo ko motsi bai yi ba. Sai ya sake dannawa, ya kuma. Da sabis ya dawo oda uku suka shiga, dillali ya ware kwando tara maimakon uku. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kawu bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, abin naka ba ya amsa sallama." Maganar ta tsaya mini a rai.

Laifina ne. Sau ɗaya na zana maɓallin, kore shar, mai rubuta kod kuma ya gina abin da ya gani. Yanzu ina kwafe allon gaba ɗaya ga kowane yanayi, fayil ya cika, in na gyara launi a wuri ɗaya sai na manta sauran. Yaya kuke yi? Kuma yanayi nawa ya wajaba in zana?

Maman Sadiq:

Wa alaikumus salam ƙanena. Daina kwafe allo, wahalar banza ce. Tun 2020 Figma ta fito da Variants, wato hanyar tara kamanni daban-daban na abu ɗaya wuri guda, saboda wannan. Ka mai da maɓallin kwamfonen, wato abin da ake zanawa sau ɗaya a yi ta amfani da shi, ka ba shi sifa ɗaya mai suna Yanayi, a ƙarƙashinta ka jera: zaune, an danna, yana lodi, a kulle. Kowane allo sai ya ɗauki maɓallin nan, kai kuma ka zaɓi yanayinsa a gefen dama. Gyara ɗaya ya isa ko'ina.

Amma kada ka cusa komai cikin Variants. Na taɓa gadon fayil da aka ninka girma uku da launi huɗu da yanayi biyar, maɓalli sittin ke nan, ga masu alama (ɗan hoton da ke kan maɓalli) da marasa alama. Alamar da ke bayyana ko ɓacewa, sifar kunnawa da kashewa da suka ƙara a 2022 ta ishe ta. Sannan ka haɗa "an danna" da "yana lodi" a cikin kwamfonen ɗin kansa, yadda samfurin gwaji zai motsa da kansa. Yanayin da linzamin kwamfuta ke shawagi a kan maɓalli kuwa, bar shi sai ka zo shafin kwamfuta. Yatsa ba ya shawagi a waya.

Malam Bala Ikeja:

Hajiya ta gama magana a kan zane, ni ta ɓangaren kod zan shigo. Kulle maɓalli lokacin lodi wajibi ne, sai dai bai wadatar ba. Kowace oda a ba ta lambarta tun daga waya, in sabar, wato kwamfutar da ke karɓar oda, ta ga lambar sau biyu ta yi watsi da ta biyun. Ka faɗa wa abokin aikinka.

Akwai kuma yanayin da masu zane ba sa kawo mana: oda ta fita, amsa ba ta dawo ba. Ba nasara ba ce, ba faɗuwa ba ce. In ka rubuta "Bai tafi ba" alhali ya tafi, ka sake jawo kwando tara. Rubuta "Muna duba odarka, kada ka sake turawa", ka zana abin da zai gani bayan daƙiƙa goma in har yanzu shiru. In ba ka zana ba, mu za mu ƙirƙira da ƙarfe biyun dare, kuma ba zai yi kyau ba.

Maman Sadiq:

Gaskiyar Malam. Ƙari ɗaya: kada ka dogara da launi kaɗai. Ƙa'idar WCAG, wadda ta shafi sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, tana neman bambancin 4.5 da 1 tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa, kuma a cikin hasken rana a Mile 12, kan waya mai tsagaggen gilashi, kore mai duhu da kore mai haske duk ɗaya ne. Kalmar ta canza, daga "Tura oda" zuwa "Ana turawa…".

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, Anti da Malam. Na rushe allunan, yanzu maɓalli ɗaya ne mai yanayi huɗu, da allon "Muna duba odarka". Asabar bayan sallar asuba zan bi kawu kasuwa, mu gwada a wayarsa ba tawa ba. Malam, saƙon nan da Hausa kaɗai zan bar shi, ko in sa Yarbanci tunda rabin masu yin odar Yarabawa ne?